Gwangwanin Kawu Buroshi

Kawuna mai fenti ne. Kada ku ce mai zane, ku ɗora masa girman da bai nema ba. Mai fenti ne kawai, irin wanda za ka nuna wa bango ka tafi harkarka, ka dawo ka tarar bango ya yi fari, shi kuma ya fi bangon fari. Shekara arba'in da ɗoriya yana wannan sana'a, har unguwa ta manta sunansa na gaskiya. Yara su ce Baba Buroshi, sa'o'insa su ce Buroshi kai tsaye, ni kuwa da nake ɗan ƙanwarsa in ce Kawu, in na ga fuskarsa a sake in ƙara da Buroshin in matsa gefe.

Ko aji ɗaya bai taɓa shiga ba, amma rabin allunan shagunan titinmu aikin hannunsa ne. Sai ka rubuta masa abin da kake so a takarda, ya ƙura mata ido kamar likita da hoton ƙashi, ya hau tsani ya kwafe tsaf. A wurinsa harafi siffa ce kawai: wannan mai ƙafa ɗaya, wannan mai tumbi, wancan tsani ne aka jingina. Lambar da mu muke kira takwas, shi “mai ɗamara” yake ce mata. Ƙidaya da baki ya iya ta har inda numfashi ya ƙare, amma ya ga lamba a rubuce ya kira sunanta, nan motarsa take tsayawa.

Ba mai magana ba ne. Abin da Allah ya rage masa a baki, ni aka ƙara wa. Matarsa ta rasu tun da daɗewa, ta bar masa 'ya ɗaya, wadda ta yi karatu ta zama malamar lissafi a firamare, shi ya sa kowa yake ce mata Malama, har shi uban. Ta auri wani bakanike da ake kira Dogo, mai dariya da dukan cinya. Shi kaɗai na taɓa gani ya sa Kawu dariya har haƙoran ciki suka fito. Kullum da yamma suna kan benci a ƙofar gida, rediyo a tsakaninsu, Dogo yana gardama da mai karanta labarai, Kawu yana wanke buroshi a kananzir.

To, ga yadda ya shiga tarihi ta ƙofar baya.

Tsakaninmu da ƙasar da muke maƙwabtaka da ita akwai ginshiƙan siminti ɗari da ashirin, kowanne iya ƙugu, kowanne da lambarsa. Duk bayan shekara goma ake sabunta musu fenti, wannan karo mu, wancan karo su. Da layi ya zo kanmu, ofishin safiyo, masu auna ƙasa, ya ɗauki Kawu. An sa wani maƙeri ya yanke lambobin a jikin fallayen gwangwani: ka manna a ginshiƙi, ka shafa baƙin fenti, ka ɗage, lamba ta fito. Maƙerin nan ɗan wayo ne. Ya lura wasu lambobin in ka juya su kai ƙasa sai su zama wasu, sai ya rage wa kansa aiki. Sittin da takwas da tamanin da tara gwangwani ɗaya ya yi musu. Ku rubuta 68 a takarda ku juya ta. Ni ma sai da na gwada.

Shugaban tafiyar, wanda suke kira Oga Safiyo, shi ne mai miƙa gwangwani, kuma mutum ne mai son bayani. Kowane ginshiƙi sai ya gaya musu wane gefe ne namu, wane ne nasu. Ranar da suka isa na sittin da takwas, cikinsa ya ɓaci. Daga bayan wata duhuwa ya ɗaga murya: “Buroshi, sittin da takwas! Yana saman jaka!” Kawu ya ɗauko yadda hannunsa ya same shi, ya manna, ya shafa. A gabas da ginshiƙin akwai famfon tuƙa-tuƙa, wanda Oga ya ce namu ne tun ranar da aka haƙa shi. Suka sha ruwa, aka kwantar da Oga a bayan mota da hula a fuska, aka wuce.

Bayan mako uku suka isa tamanin da tara na gaskiya, a kan wani falalen dutse, ba ruwa ba inuwa. Oga ya warke, baki ya dawo. Ya ce daga nan iyaka take karkata, duk abin da ke gabas da wannan ginshiƙi na maƙwabta ne. Ya ɗaga gwangwanin ya ce, “Wannan fuska biyu gare shi, kamar ɗan siyasa,” ya manna da kansa. Kawu ya shafa, ya ɗage, ya ga mai ɗamara a hagu, daidai yadda ta fito masa a bakin famfo. Ya sake dubawa. Amma ya ce a ransa gwamnati ta san kayanta, ya ja bakinsa ya yi shiru.

Wata biyar bayan haka, rediyonmu ya ce sojojin maƙwabta sun kai wa namu hari a ginshiƙi na tamanin da tara, wajen famfo. Rediyonsu ya ce namu ne suka tsallaka suka mamaye musu famfo a ginshiƙi na tamanin da tara. Abin da rediyon biyu suka taɓa yarda a kansa ke nan, lambar da famfon. Dogo yana kan benci yana cewa kwana uku za a yi a gama. Kawu kuwa ya san babu famfo a tamanin da tara. Ya ga abin a idonsa kamar yana wurin: sababbin sojojin maƙwabta da taswira a hannu, sun duba ginshiƙi, sun duba taswira, sun ce gabas tasu ce. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya bar buroshi a cikin kananzir.

Wata goma sha huɗu aka yi ana yaƙi. Gada ta tafi, rufin tashar jirgin ƙasa ya tafi, ofishin safiyo ya tafi tun a watan farko, da takardunsa da Oga Safiyo a ciki. Da aiki ya tsaya a gareji, Dogo ya shiga soja a matsayin bakanike, wai shi ba harbi zai yi ba, ƙarƙashin mota zai kwanta. A wata na tara motar da yake ciki ta taka nakiya. Aka kawo wa Malama jakarsa da sifana ɗaya, ta tattara kayanta ta dawo gidan ubanta.

In kun tambaye ni wa ya ci yaƙin, sai in ce ku kunna rediyo, ya danganta da inda kuka murɗa. Iyaka tana nan inda take, ban da wata gonar albasa da har yau ake taro a kanta. Abin da ya ƙaru shi ne masu sanda a titi, da matan da ke zuwa shagona a buga musu takardar neman ɗan'uwan da ya ɓata, da kuma lambar nan. Komai ya zama tamanin da tara: Dandalin Tamanin da Tara, Makarantar Tamanin da Tara, har sabulu. Da aka gina ƙofar dandalin, wa kuke tsammani aka kira ya rubuta lambar, kowace tsayin mutum? Ya hau, ya rubuta, ya yi mata inuwa, ya sauko ya kwana uku bai sa komai a bakinsa ba. Muka ce rana ce ta buge shi.

A gida kuwa, ɗakinsa da na Malama suna kallon juna, famfo da igiyar shanya a tsakani. Tun ranar da ta dawo bai ƙara duban fuskarta ba. Ta gaishe shi, ya amsa yana kallon bango kamar mai neman inda fenti ya ɗago. Ta ajiye masa abinci a rufe a ƙofar ɗaki, ya bari sai ta tafi makaranta ya miƙa wa maƙwabta. Shekara bakwai a haka. Dangi muka ce tsufa ne, tunda dama can ba a san shi da fara'a ba.

Ni shagon buga takardu gare ni a gaban sakatariya, kwamfuta ɗaya, na'urar kwafi ɗaya mai tari, shi ya sa ake ce mini Kwafi. Wata Litinin sai ga Malama da takarda a ninke.

“Kwafi, buga mini wannan, ka kuma rufe bakin nan naka, in yana rufuwa.”

“Yaya Kwafi ake cewa, marar kunya. Na girme ki da shekara tara.”

“Shekarun ne suka iso, hankalin yana hanya.”

Na buɗe. Takardar neman canjin wurin aiki ce, zuwa wata makaranta a can ƙarshen ƙasa, tafiyar kwana biyu, wurin da ake tura malamin da ya zagi hedimasta.

“Me aka yi miki?”

“Canjin iska nake so.”

“Iskar gari ko ta gida?”

Ta gyara mayafinta. “Yaya, na gaji da gaida ƙeya.”

In Malama ta ce mini Yaya, to magana ta wuce wasa. Ta ce ba mai son wurin, saboda haka kafin ƙarshen wata za a sa hannu. Ta sa na rantse ba zan gaya wa Baba ba, sai ta ɗaure kayanta ta gaya masa da kanta.

Ranar Laraba sai ga Kawu cikin rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, wadda fenti bai taɓa ba. Ya jira mutum biyu suka gama, ya tura ƙofar shagon ya rufe, ya zauna a kan kwalin takardu.

“Rubuta.”

“In rubuta me, Kawu?”

“Ni ne na jawo yaƙi.”

Na yi dariya har na buge gwiwa da tebur. Da na ɗago na ga fuskarsa, dariyar ta koma inda ta fito. A nan ya ba ni labarin gwangwani daga farko har ƙarshe, maganar da ta fi duk wadda na ji daga bakinsa tun ina yaro in an haɗa.

Na ce, “Kawu, ƙasa biyu fa. Jiragen sama, tankoki, janar-janar masu tumbi. Kai da buroshi?”

“Rubuta.”

“Wa za a kai wa?”

“Gwamnati.”

“Ta wace ƙofa? Gwamnati ta fi asibiti yawan ƙofofi.”

“Kai ka sani, kai ne ɗan boko.” Ya share gumi da hula. “So nake a ba ni a rubuce. In ni ne, a ce ni ne, in je in tsaya gaban yarinyar nan in ce ni na kashe miki miji, ta yi yadda ta ga dama da ni. In ba ni ba ne, a ce ba ni ba ne, in ɗaga kai in ci abincinta. Amma haka a tsakiya, ba zan iya duban idonta ba.”

Shi ma ya sa na rantse. Sai ga ni da takarda biyu a kwamfuta ɗaya, rantsuwa biyu a baki ɗaya, kuma bakin nawa.

Muka fara da ofishin tsofaffin sojoji. Ɗaki ne dogo mai warin man zafi, benci biyu cike da maza masu jiran takardun asibiti. Shugabansu wani Manjo ne mai ƙafar roba, ya cire ta saboda zafi ya jingina ta da kabad, da takalminta da safarta. Ya karanta takardarmu sau biyu, na biyun da ƙarfi, duk ɗakin yana ji.

“Baba, ka san abin da ya kawo yaƙin nan? Ruwa. Madatsar da suka gina a saman kogi.”

Wani saje daga benci ya ce, “Wane ruwa, ranka ya daɗe? Fetur ne a ƙarƙashin gonar albasar nan.”

“Fetur ɗin gidanku,” in ji na kusa da shi. “Zaɓe ne. Namu ya ga zai faɗi, nasu ma ya ga zai faɗi.”

Wani mai ido ɗaya ya ce shi daga majiya mai ƙarfi ya ji, a wani taro ne shugabansu ya shigo namu bai miƙe ba. Masinja, da ba wanda ya tambaye shi, ya ce baƙin da suka zana taswirar farko da fensir mai kauri suka zana, layin kansa faɗinsa mil biyu ne, kuma duk abin da ake faɗa a kai yana cikin layin. Kafin ka ce me, an manta da mu, sanduna suna tashi sama. Mutanen nan kowannensu ya bar wani abu na jikinsa a wurin, amma ba biyu da suka yarda da dalilin zuwansu.

Manjo ya buga tebur, aka yi tsit. Ya nuna kabad.

“Kana nufin ƙafata gwangwani ne ya cinye ta?”

“Ban sani ba, ranka ya daɗe,” in ji Kawu. “Shi na zo tambaya.”

Manjo ya ninke takardar. Sannan ya ce a hankali, “Wata shida na yi ina gadin famfon nan. Ko ɗigo ba ya bayarwa, tun makon farko harsashi ya fasa shi.” Ya miƙo mana takardarmu. “Ku je ofishin iyaka na haɗin gwiwa. Kuma Baba, kada ka ƙara faɗin wannan a inda masu ƙafa ɗaya suke. Ba kowa ke da haƙurina ba.”

Ofishin haɗin gwiwa a wani tsohon otal yake, kuma komai na cikinsa biyu ne: tuta biyu, mai gadi biyu, kowanne sai ya laluba aljihunka, fanka biyu a silin, tamu ba ta juyawa, tasu tana juyawa amma ba ta kawo iska. Kwana huɗu muna zuwa ana cewa mu dawo gobe, ni kuwa ina ƙirga kwanakin wata a cikina. A rana ta biyar aka shigar da mu wurin Sakatariya, wata mata mai tabarau a rataye da igiya. An ce ita kaɗai ɓangarorin biyu suka amince da ita, saboda ubanta namu ne, uwarta tasu ce, kowa yana zarginta daidai da kowa.

Ta karanta. Ba ta yi dariya ba.

“Sittin da takwas,” ta ce, ta cire tabarau. “Shekara shida muna nemansa. Su sun ce mu muka tone shi, mu mun ce su suka sace. Zama goma sha ɗaya aka yi a kansa, sau biyu har da jifa da kujera. A takardunmu akwai tamanin da tara ta ruwa, akwai tamanin da tara ta dutse.”

Kawu ya sunkuyar da kai. “To ni ne ke nan.”

“Dakata, Baba.”

Ta buɗe durowa ta ƙasa, ta ciro wani fayil mai kauri ɗaure da igiya, ta dire shi, ƙura ta tashi.

“Kai ne na goma sha huɗu.”

“Na goma sha huɗun me?”

“Na waɗanda suka jawo yaƙi.”

Ta kwance igiya tana ɗaga takardu ɗaya bayan ɗaya. Akwai makiyayin da shanunsa suka tsallaka a daren jajibirin abin. Akwai soja daga can ɓangaren, wanda zuma ta shiga masa riga, bindigarsa ta tashi. Akwai matar da take sayar wa sojojin ɓangarorin biyu shayi, ta gaya wa waɗannan cewa waɗancan sun ce musu matsorata, don kawai hira ta yi daɗi. Akwai mai haɗa wayar tarho da ya fita kama ruwa minti biyar, a daidai lokacin da wani janar yake neman wani janar. Akwai tafinta, tsoho, wanda yake zuwa duk wata da takarda sabuwa: a taron ƙarshe ministansu ya ce “za mu duba”, shi kuma ya fassara “za mu gani”.

Na ce, “To wanne ne na gaskiya, ranki ya daɗe?”

“Na binciki tara. Duk gaskiya ne. Kowa ya yi abin da ya ce ya yi.”

“To wa ya jawo?” in ji Kawu.

“An kai manyan bindigogi yankin tun kafin a ba ka aikin fenti.”

Kawu ya ɗago, fuskarsa ta fara buɗewa.

“Amma an taɓa kai su sau uku a shekarun baya, aka mayar da su ba a harba ba.”

Fuskar ta koma ta rufe.

Bakina ya ƙi zama. Na ce, “Waɗanda suka sa hannu aka fara fa, suna cikin fayil ɗin?”

Ta dube ni ta saman tabarau. “Ko ɗaya bai zo ba. Ɗaya dai na ji yana rubuta littafi.”

Kawu ya matso da kujerarsa. “'Yata, ni ba dogon turanci nake so ba. Ki ba ni a rubuce. E ko a'a.”

“Baba, da ina da ita da na ba tafinta, ya huta da hawa matakalar nan.”

Ta yi kwafin takardarmu ta sa a fayil, ta ɗauko hatimi ta buga a kan tamu, ta sa hannu. Ta ce za ta kai maganar sittin da takwas zama na gaba, amma kada mu sa rai, don in aka gyara lambar sai an canja sunan dandali da makaranta a ƙasa biyu, su ma can suna da nasu.

A waje Kawu ya miƙo mini takardar. “Me ta rubuta?”

“An karɓa.”

“An karɓa cewa ni ne, ko an karɓa cewa ba ni ba ne?”

“Takardar aka karɓa, Kawu.”

Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya ninke ya sa a aljihu. A cikin bas ya ce to sai mu nemi wani ofishin, ko da shekara za a yi. Ranar Alhamis ce. Na kalli titi, na kalli ƙeyar direba, na ce a raina Allah ya ga zuciyata.

“Kawu, na yi wata rantsuwa, yanzu zan karya ta. Malama ta samu canjin aiki. Jibi za ta tafi, tafiyar kwana biyu. Ta ce ta gaji da gaida ƙeya.”

Sai da muka wuce tasharmu da tasha biyu sannan ya tuna ya miƙe.

Washegari da la'asar ya biyo ta shago ya ce in rufe in bi shi. “Ka tsaya a bakin ƙofa. In na kasa, ka ƙarasa, tunda naka bakin ba ya gajiya.”

Muka tarar da ita a tsakar gida cikin kwalaye, tana jera littattafai. Ta gan mu tare, ta harare ni, na duba sama. Kawu ya tsaya kusa da igiyar shanya, ya fara ba bango labari. Ya yi maƙeri, ya yi cikin Oga, ya yi famfo. Da ya zo kan falalen dutse ya kakare, na buɗe baki zan karɓa, ya ɗaga mini hannu. Sai ya juyo, ya dube ta ido cikin ido, ya ƙarasa.

Malama ta ɗauki biro ta rubuta 68 a jikin kwali, ta juya kwalin. Ta zauna a kansa.

“Baba, saboda wannan ne?”

“Saboda shi ne.”

“Shekara bakwai?”

“Da wata huɗu.”

“Ba saboda abin da na faɗa wa Dogo ba?”

Kawu ya dube ni, na dube shi. “Me kika faɗa masa?”

“Ni na tura shi! Gareji ya mutu, yana zaune, na fito na ce masa maza suna can, shi yana nan yana gardama da rediyo. Bayan kwana uku ya je ya ba da sunansa. A gabanka na faɗa, Baba, kana kan benci!”

“Ban ji ba.”

“Kana wurin!”

“Ina wurin. Amma tun ranar da aka ambaci famfo ba na jin abin da ake faɗa a bencin nan.”

“Ni ina nan ina cewa ka riƙe ni a zuciya, na kashe maka ɗa. Kullum in dafa, in ajiye, in ga kwanona a gidan maƙwabta, in ce hakkina ne, in haɗiye.” Ta miƙe. “To kai ne ko ba kai ba ne?”

Kawu ya laluba aljihu ya miƙa mata takardar. Ta buɗe, ta karanta hatimin, ta yi wata irin dariya da ban so ji ba, dariyar ta juye ta zama kuka, kukan ya juye ya zama faɗa. Ta ce shi da baki a fuskarsa amma sai ya je ya tambayi gwamnati. Ta ce da ya faɗa tun farko da sun yi kukansu tare sun gama. Ta ce ita yanzu ba ta san wa za ta ji wa haushi ba, shi, ko kanta, ko maƙeri. Kawu yana tsaye hannu a baya kamar ɗan aji ɗaya, bai kawar da ido ba ko sau ɗaya. Sannan ta juyo kaina.

“Kai kuma, munafuki, tun yaushe ka sani?”

“Yaya munafuki ake cewa.”

Takalmin ya same ni a kafaɗa.

Na ɗauka za ta kwance kwalaye. Ba ta kwance ba. Ta ce an riga an sa hannu, yara suna can ba malami, kuma ita kanta tana so ta zauna inda ba ta san kowa ba ta ji me zuciyarta za ta ce. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Da safe muna ɗora kaya a mota, tana ƙirga kwalaye, sai ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, “An ce ɗakin da za su ba ni bangonsa duk ya ɓare.”

Kawu ya shiga ɗaki ya fito da jakar aikinsa da rigar fenti. Ya miƙo mini makullin gida ya ce kwana biyu zai yi.

Yau mako bakwai ke nan. Shekaranjiya na kira wayar Malama na ce ta ba ni shi.

“Kawu, ɗaki nawa ne wai?”

“Ɗaya ne. Bangon yana shan fenti.”

“To ta yafe?”

“Ban sani ba. Ban tambaya ba, ita ma ba ta tambaye ni ba.” Na ji ƙarar cokali a kwano. “Amma jiya na ɗiga mata fenti a littafin aji, ta yi mini faɗa. Faɗa sosai, ɗan nan, har maƙwabta suka leƙo.”

Daga bayansa na ji muryarta tana cewa ya ajiye wayar nan ya ci abinci tun bai huce ba, wancan ba ya gajiya da surutu. Ya ce mini sai an jima, da baki cike.